Gada Biyu

A bayan gidanmu, ta hanyar Bukuru, akwai tafki,
ramin da masu haƙar kuza suka bari suka yi gaba.
A tsakiyarsa tudu,
wata siririyar ƙasa ta ɗaure shi da gaɓa kamar cibiya.
Faɗinta bai kai tabarma ba.
Ta nan awakin Dalyop ke bi kowace safiya,
ɗaya bayan ɗaya, kai a sunkuye,
kamar masu zuwa ta'aziyya.

Bara, da marka ta zauna,
ruwa ya haɗiye hanyar a dare guda.
Awaki uku suka waye gari a tsallake.
Muna ganinsu, suna ganinmu.
Can jar ta haihu.
Ɗan bai san igiya ba, bai san dusa ba,
bai san muryar Dalyop ba.
Da rani ya tone hanyar, uwar ta tsallako tana kuka,
shi kuwa ya kafe ƙafa a kan dutse
yana dubanmu kamar mu ne baƙin.

Na ba 'yata Barira labari ranar da ta dawo daga jami'a.
Ta ɗauki tsinke ta durƙusa.
Baba, ta ce, ai duniya ma haka ta yi.

Ta zana ƙasa biyu, ta haɗa su da layi.
Raƙumin da kake zaton a Agadas aka yanke masa cibiya,
kakanninsa daga bayan teku suka taso,
suka taka wata ƙasa mai sanyi da ruwa ya janye ya bari,
kafin ya dawo ya ja ƙofa.
Danginsa da suka yi kudu, har yau ba su da tozo.
Giwa kuwa tamu ce.
Da Afirka ta jingina kafaɗa da ƙasar Larabawa
sai ta fita yawon duniya,
ta ƙofar da ta fita
karkanda da raƙumin dawa suka shigo ba sallama.
Kowane baƙo da yunwarsa ya zo.
Wasu 'yan gida suka matsa,
wasu suka koyi gudu,
wasu sai ƙashinsu a cikin dutse.

Sai ta sa tafin hannu ta share layin.
Ta ce: daga nan kowa ya fara kama da inda yake.

Na tuna mahaifina, maharbi,
da ya ce ya taɓa ganin gadar dutse a tsaunin Shere,
tsaye kan ƙofato kamar mai ɗage ƙafa ta leƙa katanga.
Bai harba ba.
Barira ta ce danginta suna can nesa, gabas da kudu,
tafiyar da ƙafa ba ta ƙirga ta.
To, ta wace gada gada ta biyo?
Wa ya naɗe hanyar bayan ta wuce,
ya bar ta a kan tudun nan namu
ita da sanyi?

Jiya na sauka a Gada Biyu.
Da, nakan tsallaka in sayi nama wurin mutumin da na san uwarsa.
Yanzu akwai unguwannin da nakan kalla daga nesa,
ba ruwa tsakaninmu,
amma 'ya'yanmu sun fara tashi ba su san muryar juna ba.

Da yamma na tarar da Dalyop a bakin tafki
da kwano a ka, cike da duwatsu.
Ya ce damina ta kusa.
Ban ce komai ba.
Na naɗe ƙafar wando.
Ɗan akuyar yana can a kan tudu, ƙaho ya fara fito masa,
yana kallon tsofaffi biyu
suna zuba dutse a ruwa.